Kada Darasi Ya Bi Iska: Ɗaukar Sautin Cikin Kwamfuta Domin Amfanin Ɗalibanmu

Muna godiya da damar da aka ba mu ta yin magana a kan wani ɗan ilimi wanda a ido ƙarami ne, amma amfaninsa ga aji yana da yawa, wato yadda ake ɗaukar sautin da ke fita daga cikin kwamfuta a adana shi ta hanyar manhaja, ba tare da an kara waya a bakin lasifika ba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa wannan batu ya shafe mu. Dukkanmu muna tune da watan Maris na shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, gwamnatin jihar Kaduna kuma ta koma ba da darussa ta rediyo da talabijin. An yi ƙoƙari, yara da dama sun amfana. Sai dai darasin rediyo yana da sa'arsa. Yaron da aka aika ɗebo ruwa, da yarinyar da ke tsaron rumfar mahaifiyarta a kasuwar Sabon Tasha, da gidan da aka ɗauke wa wuta ko batirin rediyonsa ya mutu a daidai wannan sa'a, duk darasi ya wuce su, kuma ba ya dawowa. Wanda ma ya saurara, idan wani bayani ya shige masa duhu, ba shi da hanyar cewa malam ya maimaita.

Koyarwa daga nesa tsohuwar sana'a ce a garin nan. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, a Kaduna take, kuma da yawa daga cikinmu ta hanyar karatun nesa na wannan cibiya muka sami takardar shaidar malanta. Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ma a nan hedikwatarta take, ta kuma daɗe tana amfani da rediyo wajen isar da ilimi ga rugage. Abin da zamani ya ƙara shi ne, a yau horon malamai da laccoci da darussan furucin Turanci da Faransanci da yawa ta intanet suke zuwa, ta Zoom da makamantansa, kuma kowane saurare kuɗin data ne. A unguwanninmu na Kakuri da Makera da Nasarawa, inda gidaje da yawa ba su farfaɗo ba tun da masaƙu suka durƙushe, irin su masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta kuma rufe a 2002, ba kowane uba ne zai iya saya wa ɗansa data domin ya saurari darasi sau uku ba. Idan malami ɗaya ya ɗauki darasin ya adana, aji guda ya huta da wannan kashe kuɗi.

Abin da yawancinmu muka saba yi shi ne mu kunna darasi a kwamfuta, mu ajiye waya kusa da lasifika tana ɗauka. Makirufon waya kuwa ba ya zaɓe. Yana kwasar muryar malami haɗe da rugugin janaretan maƙwabci, da ƙahon keke napep a kan titin Kachia, da kukan jinjiri, da amsa-kuwwar ɗaki. A ƙarshe ɗalibi yana wahalar bambance kalma da hayaniya, darasin da aka yi domin gyara furuci kuma ya tashi a banza. Dalilin haka a fili yake. Sauti a cikin kwamfuta jerin lambobi ne. Lasifika ce ke mayar da lambobin su zama motsin iska, makirufo kuma ya sake mayar da motsin iskar lambobi, a kowane zango ana asara ana kuma kwasar datti. Ɗaukar sautin ciki yana nufin a tare lambobin tun kafin su isa lasifika. Kamar bambancin mai ɗebo ruwa daga bakin famfo ne da mai kwalfarsa bayan ya kwarara a ƙasa.

Manhajar da muke ba da shawarar a fara da ita ita ce Audacity. Kyauta ce, ba a biyan ko sisi, kuma tana aiki a kan tsofaffin kwamfutoci irin waɗanda ke ɗakunan kwamfuta na makarantunmu. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka faro ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, aka fitar da ita ga jama'a a shekarar 2000. A sauke ta daga shafinta na asali, domin shafukan 'yan damfara sukan cusa wa mutum manhaja mai cutarwa da sunanta.

Ga mai amfani da Windows, matakan ba su da yawa. Bayan an buɗe Audacity, sai a danna maɓallin da aka rubuta wa Audio Setup. A ƙarƙashin Host a zaɓi Windows WASAPI, wanda shi ne tsarin sauti da kamfanin Microsoft ya shigo da shi tun daga Windows Vista. A ƙarƙashin Recording Device a zaɓi sunan lasifikar kwamfutar wanda ke ɗauke da kalmar loopback a ƙarshensa. Ma'anar kalmar ita ce sautin da zai fita ya zagayo ya koma ciki. Idan da abin sauraro na kunne ake jin darasin, to nasa loopback ɗin za a zaɓa. A bar hanyoyin ɗauka a kan biyu, wato sitiriyo, domin sau da yawa manhajar takan ƙi farawa idan an sa ɗaya. Daga nan a kunna darasin, a danna jan maɓalli. Idan aka ga layin sauti yana hawa yana sauka a fuskar kwamfuta, aiki ya kankama.

Akwai tarkuna huɗu da ya kamata mu sani tun kafin mu faɗa cikinsu. Na farko, wannan hanya ba ta ɗaukar komai sai akwai sautin da ke tafiya. Idan kwamfuta ta yi shiru, ɗaukar takan tsaya ta jira, kada a zaci manhajar ce ta lalace. Na biyu, duk abin da ya bi ta lasifikar zai shiga, har ƙarar shigowar saƙo, saboda haka a rufe WhatsApp da sauran manhajoji kafin a fara. Na uku, a kashe zaɓin da ke sa a riƙa jin abin da ake ɗauka a lokacin da ake ɗaukarsa, in ba haka ba sautin zai yi ta zagaye yana ninka kansa. Na huɗu, wanda ya fi cin mutane, adana aiki a cikin Audacity daban yake da fitar da fayil ɗin sauti. Abin da aka adana da Save, Audacity kaɗai ke buɗe shi. Wanda zai yi aiki a waya sai an bi ta Export an fitar da shi. Muna kuma ba da shawarar a yi gwaji na minti ɗaya a saurara kafin babban darasi, kuma a tabbatar batirin kwamfuta a cike yake, tun da mun san halin wutar lantarkinmu.

Wasu tsofaffin kwamfutoci suna da wata hanya mai suna Stereo Mix, wadda takan zo a ɓoye sai an shiga saitin sauti an bayyana ta an kunna. Mai kwamfutar Apple yana buƙatar ƙarin ƙaramar manhaja irin BlackHole. Wanda yake son hoto da sauti tare, misali lissafin da ake warwarewa a allo, OBS Studio za ta yi masa aikin, ita ma kyauta ce. Rediyon da ake kamawa da eriya kuwa ba ya cikin wannan bayani, sai idan tashar tana watsa shirinta ta intanet.

Nauyin fayil shi ne zai nuna ko aikin zai isa hannun yaro. Sauti a tsarin WAV mai ingancin faifan CD yana cin kimanin megabayit 10 a kowane minti, wato darasin minti 30 ya haura megabayit 300. Idan aka fitar da darasin nan a tsarin MP3, a hanya ɗaya, a kan kilobit 64 cikin daƙiƙa, bai kai megabayit 15 ba, kuma muryar mai magana tana fita tas. Irin wannan fayil yana wucewa daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender ba tare da data ba, yana kuma shiga katin memori a saurare shi a ƙaramar waya mai maɓallai ko a rediyon nan mai ramin kati da ke kusan kowane gida. A sa wa kowane fayil suna mai ma'ana: aji, da fanni, da batu, da kwanan wata. Ɗalibai masu larurar gani suna cikin waɗanda za su fi kowa cin moriyar wannan.

Yanzu sai maganar amana, wadda ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Iya ɗaukar abu bai halatta ɗaukarsa ba. Nijeriya tana da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ta bar sarari domin koyarwa, amma ba ta ba kowa lasisin kwasar waƙa ko fim ko darasin da wani ya sha wahala ya shirya domin sayarwa, ya raba shi ko ya yi kasuwanci da shi ba. Mu da muke kukan a biya mu haƙƙin guminmu, bai dace a same mu da cin gumin wani ba. Hanya mafi tsafta ita ce a nemi izinin mai darasin ko gidan rediyon. Wani lokaci ma su ba da fayil ɗin asali, a huta da ɗauka. Haka nan akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Idan taro ake yi ta Zoom, a sanar da mahalarta kafin a fara ɗauka. Idan akwai muryoyin yara a ciki, a nemi yardar iyayensu da ta shugaban makaranta. Ɗaukar maganar abokin aiki a asirce domin a tozarta shi kuwa cin amana ne, kuma yana rusa yardar da ƙungiya ke tsaye a kanta.

Muna da roƙo guda uku ga shugabannin reshe. A ware malami ɗaya ko biyu a kowace makaranta, daga Barnawa zuwa Narayi, daga Television zuwa Unguwar Romi, su koyi wannan aiki da hannunsu sannan su koya wa sauran. A kafa rumbun darussa na reshe a kan faifan ajiya guda, wanda kwafinsa na biyu zai zauna a wani wuri daban, kowane darasi da sunan mai shi da shaidar izininsa. Sannan a rubuta wa Ma'aikatar Ilimi da gidajen rediyon da ke watsa darussa, a nemi su riƙa ba makarantu kwafin shirye-shiryensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma reshe mai malamai irin waɗanda muke gani a zauren nan zai iya tara darussan zangon karatu guda kafin hutu ya zo.

Waɗanda suka zo da kwamfutocinsu su dakata bayan an tashi, za mu bi matakan tare ɗaya bayan ɗaya.