Zanen Ƙididdiga Mai Bayyana Kansa: Darasi Daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa



A shekarar 1975 aka soma Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, kuma gundumomin Ƙanƙara da Faskari suna cikinsa. Shirin ya raba taki, ya shimfiɗa hanyoyin karkara, ya yaɗa noman masara. Amma masu nazari sun yi kuka cewa ya fi karkata ga waɗanda aka kira manoma masu ci gaba. Jimilla ba ta nuna irin wannan, domin idan aka ce an raba buhu kaza a gunduma, ba a faɗi wanda ya samu da wanda ya rasa ba.

Zana alƙaluma ba sabon abu ba ne, tun 1786 William Playfair ya buga zane mai sanduna. Jadawalin lissafi na kwamfuta kuwa ya fito da VisiCalc a 1979, Excel ya biyo baya a 1985. Abin da ya ƙaru a yau shi ne, mai karatu zai ɗora kibiyar kwamfuta bisa ɗigo guda, sai ɗan akwati ya buɗe ya gaya masa labarin aikin.

Alal misali, a ce an ba jami'i lissafin rijiyoyin burtsatse na ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Da farko, kowace rijiya ta sami layinta: gari, mazaɓa, kuɗin da aka biya, inda aiki ya kai, da ranar da aka je aka gani da ido. Lalle ne a tsaya kan rubutu ɗaya, domin a wurin na'ura Ƙanƙara da Kankara garuruwa biyu ne. Na biyu, a yi zanen ɗige-ɗige, kuɗi a kwance, ci gaban aiki a tsaye. Ɗigon da ya yi nisa wajen kuɗi amma ya tsaya ƙasa, shi ne abin bincike. Na uku, a sani akwatin da Excel ke nunawa da kansa bai wuce sunan jeri da alƙalami ba. Mai son ya ga gari da ranar dubawa sai ya rubuta ɗan umarni da VBA, wanda zai gane ɗigon da kibiya take kai ya ɗauko layinsa, ko kuwa ya koma ga Power BI, inda aka tanadi hakan.

Sai dai akwai kashedi uku. Na ɗaya, tun kafin sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, rashin tsaro ya sha hana ma'aikata shiga wasu ƙauyukan yankin. Inda ba a je ba, a bar gurbin fayau, kada a sa sifiri, domin "ba a duba ba" dabam, "ba a yi ba" dabam. Na biyu, kada sunan mai cin gajiya ko lambar wayarsa su shiga akwatin, gama fayil yana yawo, ba a san hannun da zai faɗa ba. Na uku, kibiya ba ta aiki a kan takarda. Abin da ya wajaba shugaba ya sani, a rubuta shi baro-baro a fuskar zane.

Ɗalibai, ku ne za ku gaji waɗannan ofisoshi. Ku tuna kowane ɗigo gari ne, da mata da yara masu jiran ruwa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.