Ɗan acaɓa da dilan babur

Ku tambayi ɗan acaɓa a Zariya ko Funtuwa wa ya fi yarda da shi, dila ko bakanike. Bakanike zai ce muku. Shi ya sa da wuya ya je sayen babur shi kaɗai. Sai ya ja bakaniken unguwarsu ya saurari kukan injin, ya duba ko an musanya batir ko fulogi wajen haɗa shi daga kwali.

Kuma ba a banza yake ɗari-ɗari ba. Boxer daga Indiya ake kawo shi, Haojue da Jincheng daga Sin, dala ce ke yanka musu farashi. Tun da naira ta faɗi a 2023, matasa kaɗan ne ke iya biya lakadan. Sai mutum ya karɓi babur bashi da ƙari mai nauyi, yana kai balas kullum. In ya kwanta jinya mako biyu, a zo a ɗauke babur, abin da ya biya ya bi ruwa. Wannan zalunci ne.

Dila ma yana da nasa kukan, don akwai masu gudu da kayansa. Don haka ƙungiyoyin 'yan acaɓa su dage a riƙa rubuta yarjejeniya gaban shaidu, da lambar inji, da ranakun uzuri in ciwo ya zo.