Ajaminmu Na Cikin Gafaka, Gara Na Ci



Ku shiga zauren kowane tsohon malami a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, za ku tarar da gafaka cike da takardun ajami: waƙoƙin wa'azi, wasiƙu, laƙanin magani, har da lissafin bashin fatake. Da wannan rubutu Nana Asma'u ta karantar da mata tun kafin Turawa su zo da boko. Yau jikokin masu takardun nan suna karanta Alƙur'ani sarai, amma a miƙa musu wasiƙar kakansu ta Hausa, sai su yi ta kame-kame.

A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, muka yi ta ƙorafi. To, amma asarar da ta fi ciwo a cikin gidajenmu take. Gara na ci, damina na jiƙawa, ga kuma rashin tsaro. Wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa cikin dare, yara zai ɗauka ko gafaka?

A ƙasar Gini, wasu yara biyu 'yan'uwa suka ƙirƙiro wa Fulatanci rubutun Adlam wajen 1989, ga shi yau ana rubuta shi a waya. Mu namu gadonsa muka yi.

Don haka, matashi mai waya, nemi izinin malam ka ɗauki hoton kowane shafi, ka zauna ya karanta maka kana naɗar muryarsa. Malaman allo kuma, don Allah a koya wa almajirai rubuta Hausa da ajami.