Faɗakarwa a kan mikin da ya ɓaci bayan dashen ƙarfe a kwatangwalo

Ya ku malamai da almajirai, ku saurari abin da ya same ni, domin gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Ku sani ni mai sikila ne tun haihuwa, ita ce ta toshe jini ga kan ƙashin cinyata har ya mutu. Bayan ƙaramar Sallah ta 1444, wato 2023, aka yanke shi a wani asibiti, aka dasa na ƙarfe, irin aikin da likita John Charnley ya inganta a Ingila a 1962. Na komo gida Gyaɗi-Gyaɗi ina murna.

Da aka yi mako 3 sai wurin ya ɗau zafi, ya kumbura, ruwa yana tsattsafowa daga ɗinki, ga zazzaɓi da dare. A nan na yi kuskure biyu. Na ce haƙuri ne magani, na yi shiru wata guda. Kana na aiki almajiri kemis ya sayo mini kafso ina sha.

Da na koma, likita ya ce, "Malam, ƙwayar cuta in ta sami ƙarfe sai ta manne, ta yi wa kanta rufi kamar gansakuka a randa, magani ba ya ratsa ta, zama ƙarfe ba shi da jini. Da ka zo da wuri, da wankewa ta isa. Kafson nan kuma ya ɓoye mana irinta a gwaji." Ya ce wannan yakan sami mutum 1 ko 2 cikin 100, ko aiki ya yi kyau.

Sai aka cire ƙarfen, aka sa siminti mai magani a gurbinsa, na yi mako 6 ana yi mini allura, sa'an nan aka sake dasa wani. Wata 7 ina salla a zaune, gardi ke biya wa yara allo, har waɗansu iyaye suka kwashe 'ya'yansu.

Fa'ida: haƙuri da ƙaddara daban, jinkirin neman magani daban. Wanda aka yi wa dashe, in ya ga zafi ko kumburi ko ruwa, ko ciwo ya komo bayan sauƙi, ya tafi ga likitansa ran nan. Kada ya sha kafso kafin a ɗebi ruwan wurin a gwada, kada wanzami ya kafa ƙaho a kai. Mu mutanen Tarauni ba mu da uzurin nisa: ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a unguwarmu, ga na ƙashi a Dala.

Yau ina tafiya masallaci da sanda. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Tamat.