Jawabi a kan ƙibar mace mai ciki

Ya ku malamai da almajirai, ku saurara. A ƙasar nan tamu ta Funtuwa da Malumfashi, in aka yi kaka mai kyau, masara ta cika rumbu, aka sayar da auduga, sai mai gida ya so a ga alamar wadata a jikin matarsa, har a riƙa cewa wance ta samu hutu. To, ku sani teɓa nauyi ce, kuma in ciki ya same ta a kanta, nauyi ya zama biyu.

Likitoci sun tabbatar mace mai teɓa ta fi saurin kamuwa da hawan jini a cikin ciki, shi kuwa yakan kai ga jijjiga, wadda kan tafi da uwa da ɗa tare. Sa'an nan ga ciwon suga na masu ciki. Tsofaffinmu sun daɗe suna hana mai ciki zaƙi, kuma a nan maganarsu tana kan hanya, domin sugan da ya yi yawa a jinin uwa yakan ƙetara wurin ɗa, ɗan ya yi ta girma har ya wuce kilo 4. Ran naƙuda kai ya fito, kafaɗa ta maƙale, ko a kwana ana fama sai an yi tiyata. Doguwar naƙuda kuwa ita ke jawo yoyon fitsari, cutar da ake kai mata asibitin Babbar Ruga a Katsina dominta.

Kada wani ya ji wannan ya koma gida ya rage wa matarsa tuwo. Rage ƙiba kafin ciki ake yi. In ya shiga, abin da masana na Amurka suka ƙayyade a 2009 shi ne mai teɓa ta ƙara kilo 5 zuwa 9 har ta haihu. A janye lemon kwalba da yawan sukari a koko da fura, a kawo wake da zogale da ƙwai. A bar ta ta motsa jiki, ko da zagaya tsakar gida ne, tun da injin niƙa ya ɗauke wa mata daka.

Kuma ku rarrabe ƙiba da kumburi. In fuska da hannuwa suka tashi a 'yan kwanaki, ga ciwon kai, ido na ganin duhu, wannan na asibiti ne a ranar, kada a jira gari ya waye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2016 a je awo sau 8. A nan ake auna jini, a gwada suga tsakanin mako 24 da 28. Izinin fita da kuɗin mota a hannun miji suke, kuma mafi yawan masu saurarena mazan aure ne.