Jikokin Makiyayan Sikotilan da Asusun Karatunsu

Makiyaya da ke ruga, da ku fatake da ke jiran a buɗe shinge a bakin iyaka, barkanku da war haka. Yau hirarmu za ta kai mu Sikotilan, ƙasar tsaunuka da ke arewacin Birtaniya, don mu ji yadda mutanenta da suka watsu a duniya suke riƙe da tushensu.

Ku sani, a da mutanen tsaunukan nan makiyaya ne kamarku. Idan ciyawa ta fito, sai mata da yara su hau tudu da dabbobi, su zauna a bukkoki suna tatsa suna kaɗa man shanu, sai sanyi ya matso su sauko. A lokacin akwai kuma masu koran shanu da ƙafa, tafiyar makonni, zuwa manyan karori irin na Crieff da Falkirk. Daga tsibirin Skye ma da iyo shanu ke ƙetare ruwa kafin su kama hanya.

To, sai zamani ya juya musu baya. A 1746 gwamnati ta hana su sa tufafinsu na gargajiya, ba a janye dokar ba sai 1782. Daga wajen 1750 zuwa 1860 kuma, masu mallakar filaye suka riƙa tashin talakawa daga ƙauyukansu don su zuba tumaki, saboda sun ga ulu ya fi kawo kuɗi. Dubban iyalai suka shiga jirgin ruwa zuwa Kanada da Amurka da Ostireliya. Wanda aka taɓa rufe masa burtali ya san zafin wannan.

Abin da ya taimaki wasu daga cikin baƙin shi ne ƙungiyoyin 'yan uwansu da suka riga su zuwa. A birnin Boston an kafa ƙungiyar taimakon 'yan Sikotilan tun 1657. Daga baya aka samu masu suna Saint Andrew, waliyyin da ƙasar ke girmamawa: ta Charleston a 1729, ta Philadelphia a 1747, ta New York a 1756. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa su 'yan kasuwa ne. Suna tara kuɗi, su ciyar da baƙon da ya sauka ba ko anini, su tallafi gwauruwa da maraya. Kusan aikin maigida ne a zango.

Yau jikokin sun samu wadata, amma ba a rufe asusun ba, an juya shi ne zuwa ilimi. Ƙungiyar New York tana biya wa ɗaliban Amurka su je Sikotilan yin digiri na biyu, tana kuma ɗaukar 'yan Sikotilan su yi nasu a Amurka. Wasu ƙungiyoyin suna ba da ƙaramin tallafi ga yaron da ke koyon busa algaitarsu mai jakar fata, ko kiɗan ganga, ko rawar gargajiya, ko harshen Gelik.

Me ya sa har da harshe? Don yana neman ɓacewa. A ƙidayar 2011, mutum wajen 57,000 ne kawai ke magana da Gelik a ƙasar mai mutane fiye da miliyan 5. Shi ya sa Jami'ar Edinburgh ta buɗe sashe a 1951, ma'aikatansa suka bi ƙauyuka suna naɗar tatsuniyoyi da waƙoƙin tsofaffi. A Skye kuma an kafa kwalejin koyarwa da Gelik a 1973. Ɗalibi mai zurfin karatu shi ke zama ya saurari waɗannan muryoyi, ya rubuta, ya koyar da na baya. Ka ga ke nan digirin da algaitar hanya ɗaya suke bi.

Jama'a, ku ma kuna da ƙungiya a kara, kuna da adashi a kasuwa. Idan an zauna lissafin bana, ku tambayi juna: cikin kuɗin nan, nawa ne na yaro ko yarinyar da suka gama makaranta suna son ci gaba? Kuma wa zai zauna da tsohon da ya san sunan kowace saniya da kowace rijiya a hanya, tun yana raye?

Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a sauka lafiya. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.