Hankalin Direba Da Hutunsa A Kan Doguwar Hanya

Jama'a, wannan jawabi an shirya shi ne domin direbobin da ke cin dogon zango, da masu motocin da ke ba su aiki, da kuma fasinjojin da ke danƙa musu rayukansu. Daga Kano zuwa Ikko tafiya ce ta wajen kilomita 1,000, kuma duk tsawon wannan hanya babu wani ƙarfe a jikin mota da ya kai hankalin direba muhimmanci.

Ga wani ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a cikin sa'a ɗaya tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya sunkuya daƙiƙa 4 kawai don ya duba wayarsa, to, motar ta yi tafiyar da ta zarce tsawon filin ƙwallo ba tare da idon kowa a kan hanya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari wajen ninki 4, kuma maƙala abin sauraro a kunne ba ya rage wannan haɗari sosai, domin hankali ne ya tafi, ba hannu kaɗai ba. Saboda haka ne doka ta haramta shi, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, take kama masu yi. Abin da ya kamata shi ne a miƙa wa yaron mota wayar, ko a bari sai an tsaya.

Amma gajiya ta fi waya wuyar sha'ani, domin ita ba a ganinta. Binciken da aka yi a ƙasar Ostareliya ya nuna cewa mutumin da ya yi sa'a 17 idonsa biyu, hankalinsa yakan dushe kamar na wanda ya ɗan sha giya. Irin wannan direba barci yakan sace shi na 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci ma idanunsa a buɗe, shi kuwa bai san an yi ba. An fi samun haka daga ƙarfe 2 na dare zuwa asuba, sai kuma bayan azahar idan an ci an ƙoshi. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: yawan hamma, nauyin ido, mota tana karkata gefe, ko direba ya wuce wani gari bai tuna ya gan shi ba.

Direbobi da yawa sun dogara ga goro da shayi mai kauri. Waɗannan suna jinkirta barci na ɗan lokaci, amma ba sa biyan bashinsa. Ƙwayoyi irin su tiramol kuwa, ban da lalata lafiya, suna sa mutum ya ji yana da ƙarfin da ba shi da shi. Buɗe gilashi da ƙure rediyo ma ruɗin kai ne. Magani shi ne a nemi amintaccen wuri a tsaya, a runtsa na minti 15 ko 20, a wanke fuska, a taka ƙasa kaɗan. Tsayawa salla kan lokaci tana taimakawa ƙwarai wajen haka. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta wa direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin sa'a 4 da rabi, har akwai na'ura a cikin motar mai rubuta sa'o'insa.

Laifin dai ba na direba kaɗai ba ne. Mai mota da ya ɗora masa kuɗin da ba za su samu ba sai ya yi sawu biyu babu barci, yana da nasa kason. Haka nan fasinja da ke ƙorafi idan an tsaya, ya manta cewa sauri kan haifi nawa. Ana roƙon shugabannin tasha su riƙa tambayar direba ina ya kwana kafin a yi masa lodi, a kuma sa direba biyu a motar da za ta yi tafiyar dare. Masu tsayawa a zanguna irin su Tafa, Mararrabar Jos da Ogere su kauce daga kan kwalta sosai, su kuma ajiye alamar gargaɗi mai ƙyalli a bayan mota kafin su kwanta.